Tuƙa Keke Daga Kano Zuwa Legas Don Tara Taimako: Kurakuran da Sababbin Shiga Ke Ta Maimaitawa

Lokaci zuwa lokaci za ka ga wasu matasa sun ɗinka riguna iri ɗaya, sun jera kekunansu an ɗauki hoto, sun sanar cewa za su tuƙa daga Kano har Legas don tara wa marayu kuɗi, ko masu sikila, ko matan da ke fama da yoyon fitsari. Niyya ce mai kyau, Allah ya ba su lada. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne kuskuren da na jiya suka yi shi na yau ke sake yi, kamar ba a taɓa bin hanyar ba. Wani gwiwa ce ke zaunar da shi kafin Kaduna, wani a kwantar da shi ana ƙarin ruwa, wani kuma ya isa lafiya amma ya kasa faɗa wa jama'a inda kuɗinsu ya shiga. Duk waɗannan tun daga gida ake shuka su.

A fara da hanyar kanta, don da yawa ba su zauna sun yi lissafinta ba. Daga Kano zuwa Zariya kilomita 137 ne, Zariya zuwa Kaduna 73, Kaduna zuwa Zuba 165. Daga nan sai ka bi Gwagwalada, Abaji, Koton Karfe, ka haye gadar Jamata ka shiga Lokoja, wajen kilomita 200. Sai Okene, Owo, Akure, Ilesha, Ife, Ibadan, sannan kilomita 127 na babbar hanyar Ibadan zuwa Legas. Idan ka haɗa, ya haura kilomita 1,100. Wanda ke cin kilomita 100 a rana yana buƙatar kwana goma sha ɗaya a kan sirdi, a ƙara kwana biyu na hutu, mako biyu ke nan. Duk sabon shigan da ya ce zai gama a mako ɗaya bai san abin da yake faɗa ba.

Kuskuren farko a wajen atisaye yake. Mutum ya yi kilomita 120 a wata Asabar, ya kwana biyu yana hutawa, sai ya ɗauka ya shirya. Tafiyar nan ba ranar farko ce ke da wuya ba. Rana ta uku ce, lokacin da cinya ta yi tsami, mazauni ya ƙuna, kuma dole ka sake hawa. Saboda haka atisayen da ke da amfani shi ne na kwanaki a jere: kilomita 80 yau, 80 gobe, daga baya a ƙara jibi. Mu a tawagarmu ta masu keke wata huɗu muke ba shi, muna ƙara nisan mako da kamar kashi ɗaya cikin goma, a kowane mako na huɗu kuma a sassauta. Kwana goma kafin tashi a rage sosai, don abin da ba ka gina a wata huɗu ba, ba za ka gina shi a makon ƙarshe ba.

Sai zumuɗin ranar tashi. An yi rakiya, ana tafi, 'yan babur na bin ku, kowa ya danna feda kamar tsere ake yi. Kafin Kwanar Ɗangora an ƙone abin da ya kamata ya kai mutum Zariya. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan ba za ka iya yi wa na kusa da kai magana cikakkiya ba tare da haki ba, ka yi sauri da yawa. Kuma a daina tuƙi da giya mai nauyi don a nuna ƙarfi. Ƙafa ta riƙa juyawa sau 80 zuwa 90 a minti a giya mai sauƙi. Giya mai nauyi gwiwa take ci.

Lokacin shekara ma ana kuskurensa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Arewa kan haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka zafi. Da damina ruwa na rufe ramuka, ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi, ko kuma Janairu bayan cunkoson ƙarshen shekara ya lafa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, don haka wanda ya taso daga Kano yakan same ta a bayansa, ga shi kuma gangara yake yi daga tudu mai tsayin kusan mita 480 zuwa bakin teku. Wanda ya taso daga Legas da hunturu, iska da hawa duk suna gabansa.

Ruwa, gishiri da ƙwaya

Nan za mu daɗe, domin wannan kuskuren rai yake ɗauka.

Da hunturu iska a bushe take, gumi na fita yana bushewa nan take. Rigarka ba ta jiƙe ba, ba ka jin zafi sosai, sai ka ɗauka ba ka zubar da ruwa. Alhali ka duba wuyan rigar da yamma, za ka ga farin gishiri ya zana ta. Idan kuma ka wuce Lokoja, abin ya juya: iska na da laima, gumi na zuba amma ba ya bushewa, jiki ba ya samun sanyi. Wanda ya jira sai ya ji ƙishirwa kafin ya sha, a duka wuraren biyu ya makara.

Ƙa'idarmu rabin lita zuwa lita guda a kowace awa, gwargwadon zafi da girman jiki. Ledar fiya wata rabin lita ce, wato leda ɗaya zuwa biyu ke nan a awa, a riƙa kurɓa duk bayan minti goma sha biyar, kada a kwankwaɗe lokaci guda. Hanyar gane ko kana sha daidai ita ce awo. A sa sikeli a motar rakiya, kowa ya hau da safe, ya sake hawa da yamma. Duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita guda ce ta ruwa. Mai kilo 70 da ya rasa fiye da kilo ɗaya da rabi, shansa bai isa ba. Fitsari ma shaida ne: idan ya yi ja kamar shayi, ko aka yi awa huɗu ba a yi ba, a tsaya.

Akwai kuma waɗanda suka ji an ce a sha ruwa, sai su yi ta ɗura zallan ruwa yini guda babu gishiri. Wannan ma haɗari ne. Gumi na fitar da gishiri, zallan ruwa na ƙara tsinka wanda ya rage a jini, sai ciwon kai, tashin zuciya, kumburin yatsu, ruɗewa, har farfaɗiya. Wanda ya hau sikeli da yamma ya ga ya ƙara nauyi, ya sha fiye da kima. Maganin abu ne da kowace uwa ta sani, ruwan gishiri da sukari: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ko a sayi na ƙunshi a kemis. Mu gora ɗaya ta wannan haɗin muke sha a kan kowace gora biyu ta zallan ruwa. Kada a ƙara gishirin da sunan ƙarin ƙarfi, zawo zai sa.

Jadawalin yini shi ne rabin kariya. A yi sallar asuba, a karya, da gari ya waye sosai har direba zai iya hango mutum, a hau. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya da rabi a ce an ci kilomita 65 zuwa 70. A sauka a inuwa, a ci, a kwanta, a yi sallah. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru, a tambayi malami tun kafin tashi yadda za a yi. Wajen ƙarfe uku da rabi a sake hawa a ƙarasa sauran, a shiga masauki kafin magariba. Masu cewa bari mu daure mu ƙarasa da tsakar rana su ne ake kwasa a kwalta.

Kowa a tawagar, har direba, ya san alamar bugun zafi. Mutum ya fara magana ba kan gado, ko ya yi fushi babu dalili, ko keke na kaɗa shi hagu da dama, jikinsa ya ɗau zafi sosai, ko da gumi ko babu. Wannan ba a tambayarsa ko zai iya ci gaba, don shi kansa bai san halin da yake ciki ba. A sauke shi, a kai shi inuwa, a cire masa kaya, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, a nufi asibiti ana ci gaba da sanyaya shi a cikin mota. Idan ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin.

Yanzu maganar da ba a son faɗa. 'Yan'uwa, ku ji tsoron Allah ku bar ƙwaya. Tun rana ta uku za ka ga an fara zaro maganin ciwon jiki daga aljihu, ibuprofen ko diclofenac, ana haɗiya safe da rana kamar gyaɗa. Irin waɗannan magunguna suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ga jikin da ma babu ruwa, ga zafi, ga tsoka na aiki awa bakwai. Haka ake kashe ƙoda. Wani ma har tiramol yake sha wai don kada ya gaji. Tiramol ba ya cire gajiya, yana toshe maka kunne ne daga jin abin da jikinka ke faɗa, yana kawo jiri da farfaɗiya, kai kuma kana tsakanin tirela da tanka. Ka fito neman wa marasa lafiya taimako, ka koma gida ana neman kuɗin wankin ƙodarka? Ciwo saƙo ne. Gwiwa ta yi ciwo, a duba tsayin sirdi. Fitsari ya koma baƙi-baƙi kamar lemon kwalba ga ciwon tsoka mai tsanani, wannan alamar tsoka na narkewa ce, asibiti za a tafi a ranar, ba gobe ba. Duk tawagar da muke da ta cewa a cikinta, jakar magani a hannun mutum ɗaya take, kuma wanda aka kama da tiramol ya sauka daga tafiyar. Mai sikila ko ciwon zuciya ko hawan jini kuwa, ya ga likita kafin ya fara ko da atisaye.

Abinci: ciki ba ya jiran lokacin cin abinci a kan keke. A riƙa ci kaɗan-kaɗan, kamar ayaba ɗaya ko biyu, ko dabino bakwai zuwa goma a kowace awa, tun daga awa ta farko. Wanda ya bari sai ya ji yunwa, zai ji ƙafarsa ta mutu lokaci guda, hannu na rawa. Malmalar tuwo uku da rana ba ta gyara wannan, barci kawai za ta sa. Babban ci da yamma ne, cikin awa guda da sauka: shinkafa da wake, doya, taliya, da ƙwai ko nama ko kifi. Kunun zaƙi da zoɓo na bakin hanya da ba ka san ruwan da aka haɗa su da shi ba, ka haƙura. Zawon kwana ɗaya ya isa ya rushe tafiyar.

Keken da abin da ke jikinsa

Sabon keke ko sabon sirdi ana gobe tafiya, kuskure ne. Duk abin da zai taɓa jikinka, sirdi, takalmi, wando, safar hannu, ya zama ka yi aƙalla kilomita 500 da shi.

Tsayin sirdi shi ne abin da ya fi kayar da gwiwoyi, kuma gyaransa minti biyar ne. Yawancinmu mun saba da sirdi ƙasa-ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa, wanda ya yi daidai da zuwa kasuwa amma ba da awa bakwai ba. Ka tsaya ba takalmi, ka auna daga ƙasa zuwa matsematsinka, ka ninka da 0.883. Abin da ya fito shi ne nisan daga tsakiyar gindin feda zuwa saman sirdi. Mai santimita 80 zai samu kusan 70 da rabi. Idan babu abin awo, ka hau ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa: ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkace ba. Ciwo a gaban gwiwa yawanci sirdi ya yi ƙasa ne, ciwo a bayanta ya yi sama. A gyara da milimita uku zuwa biyar a lokaci guda, kuma a sa alama da tef a jikin sandar don kada ta zame ba a sani ba.

Sirdi mai faɗi mai laushi kamar katifa yana da daɗi a minti ashirin na farko, daga nan sai ya lotsa ya riƙa gugar cinya. Matsakaici mai ɗan tauri ya fi. Wandon keke mai soso a ciki ana sa shi ne ba tare da kamfai ba, don ɗinkin kamfai shi ke yanka fata. Wanda ke jin kunyar matsattsen wando, kuma da gaskiyarsa, ya ɗora sakakken wando mara nauyi a sama, ya ɗaure bakin ƙafar dama kada sarƙa ta kama. A samu guda biyu ko uku, a wanke kullum, a cire da zarar an sauka, a yi wanka. Mu man kaɗanya muke shafawa kafin hawa. Ƙurji ɗaya a mazauni, idan ya zama maruru, ya gama da kai.

Taya siririya ta tsere ba ta hanyoyinmu ba ce. Mai faɗin milimita 32 zuwa 38 ta fi, da iska wajen 50 zuwa 60 a ma'aunin famfo (lambobin da aka rubuta wa PSI) ga mai matsakaicin nauyi. Iska ta yi kaɗan, ka daki bakin rami, rim ya cije tub ya yi huda biyu a jere kamar saran maciji. Ta yi yawa kuma keken ya riƙa tsalle, hannu ya mutu. Akwai wani abin da ke ba mutane mamaki a hanya: tayar kekunan zamani da ake rubuta wa 700 da tayar keken gargajiya mai lamba 28 ba ɗaya ba ne. Ta farko rim ɗinta milimita 622 ne, ta biyu 635, ba sa shiga juna. Mai gyaran keke a ƙauye zai iya samun 28 da 26, da wuya ya samu taka. Haka bawul: siririn nan na kekunan waje ba ya shiga bakin famfon mai faci sai da ɗan mahaɗi na ƙarfe. Kowane keke ya tafi da tub uku, faci da sholisho, famfon hannu, mahaɗin bawul, sannan a mota a ajiye taya guda, sifok huɗu daidai tsayin naka, wayar birki da ta giya, robar birki, da mahaɗin sarƙa. Kuma idan an yi faci a shafa cikin tayar da yatsa a hankali kafin a mayar da tub. Siririyar wayar da ke fita daga fasassun tayoyin tirela takan maƙale a ciki, ta sake huda sabon tub kafin a yi kilomita biyu.

Sarƙa: kada a zuba mata baƙin mai, ƙurar hunturu yake kamawa ya zama kamar yashi yana cin haƙoran firiwil. Kowace yamma a goge da tsumma, a ɗiga man sarƙa ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a sake gogewa. Kafin tashi a auna: cikakkun gaɓoɓi goma sha biyu (cikakkiyar gaɓa ita ce ta ciki da ta waje a haɗe) inci goma sha biyu ne daidai, idan sun wuce da milimita ɗaya da rabi, a canza.

Jakar goyo a baya, a'a, kaya na mota ne ko na kariyar bayan keke. Hular kwano dole. Abin ji a kunne, haram ne a tawagarmu, don kunne ne madubinka na biyu.

Titi da tsaro

Ba a jerawa gefe da gefe ana hira a babbar hanya. Layi ɗaya, tazarar keke biyu tsakani, na gaba yana nuna rami da hannu yana faɗa da baki. Motar rakiya a baya take tafiya da fitilun gargaɗi a kunne, ba a gaba tana ɗaukar bidiyo ba. Tirela idan ta wuce tana tura ka waje da iskarta, sannan ta jawo ka ciki, don haka a riƙe kan keke da hannu biyu, a ba ta wuri. Kama bayan babbar mota don ta ja ka a hawan Okene, wannan neman mutuwa ne. Tuƙin dare babu shi ko kaɗan. Babbar hanyar Ibadan zuwa Legas kuwa, musamman daga Shagamu, ba a shigarta sai da rakiyar hukuma, da sassafe.

Wata guda kafin tashi a rubuta wa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa da rundunar 'yan sanda ta kowace jiha da za a ratsa, da sunayen matafiya da ranaku, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Yana sauƙaƙa magana a shingen bincike. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce. A Kudu a nemi Sarkin Hausawan gari tun kafin a isa, kamar a Sabo ta Ibadan, su suka san masauki da abincin da ciki ya saba da shi.

Halin tsaron hanya yana canzawa, labarin watan jiya ba ya aiki yau. Direbobin tasha su ake tambaya, da yammacin ranar da ta gabata. Hanyar Birnin Gwari zuwa Tegina da Mokwa da Jebba ta fi gajarta, amma gajarta ba ita ake dubawa ba. Inda aka ce kada a bi da keke, a ɗora kekuna a mota a wuce. Kuma a daina sanar da inda ake kai tsaye a Facebook da TikTok, ana faɗin garin da za a kwana. Hoton yau, gobe ake sa shi.

Kuɗin jama'a

Bayan na ruwa da ƙwaya, wannan shi ne kuskure na biyu da ba ma iya yin shiru a kansa, kuma ya fi wancan ɓarna mai daɗewa, domin wanda ya ɓata shi ba kansa kaɗai ya ɓata ba, ya rufe ƙofa ga duk wanda zai fito bayansa.

Yadda abin ke faruwa ba sata ake farawa da ita ba. Ana ba da lambar asusun mutum ɗaya, nasa na kansa, wanda albashinsa ke shiga. Taimako ya fara shigowa. Motar rakiya na buƙatar mai, sai a taɓa. Masauki, a taɓa. Taya ta fashe, a taɓa, da niyyar za a mayar. Mako biyu na man mota zuwa da dawowa, da abincin mutum goma, da kuɗin direba, da riguna, ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ranar da aka isa Legas aka zauna lissafi, sai a ga abin da ya rage bai kai rabin abin da aka tara ba, kuma babu wanda zai iya cewa ga inda kowace naira ta tafi. Sai a yi shiru. Hotunan isowa sun cika waya, maganar miƙa kuɗi kuwa ba a sake jin ta ba.

Tsohuwar da ta tura dubu ɗaya daga kuɗin ƙosanta ba ta ba ka don ka sha lemo a Abaji ba. Maraya ta ba. Kai ɗan aike ne, kuma amana ce a wuyanka har gaban Allah. Wani ma zakkarsa ya bayar, alhali waɗanda zakka ta halatta gare su an lissafa su, kashi takwas, a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Ka ɗauki wannan ka sayi tayar keke?

Ga yadda muke yi, kuma ba ma sassautawa. Jaka biyu ce, ba sa haɗuwa. Ta farko ta ɗawainiyar tafiya, daga aljihun matafiya take fitowa, ko daga wani mai hali ko kamfani da aka gaya wa ƙarara cewa kuɗinsa na mai da abinci ne. Wannan jakar sai ta cika kafin a sa ranar tashi. Idan ba ta cika ba a rage mutane, ko a rage nisa, ko a ɗaga. Ta biyu ta taimako ce, kuma abin da ya fi shi ne kada ta bi ta hannunku kwata-kwata: a ba da lambar asusun gidan marayun ko asibitin ko ƙungiyar kai tsaye. Idan hakan bai yiwu ba, asusun ƙungiya mai rajista da hukumar yi wa kamfanoni rajista, wanda sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ke fita, ɗayansu kuma dattijo ne da ba ya cikin tafiyar.

A hanya mutane za su tsayar da ku su miƙo tsabar kuɗi. A tambayi mai bayarwa nan take: na marasa lafiya ne, ko na shan ruwanmu? Abin da ya faɗa shi ne hukunci. A rubuta a littafi, gari da adadi, mutum biyu su sa hannu, a zuba a asusu a garin farko da aka samu mai POS. Kowace yamma a sanar da jimillar abin da ya shigo.

Kafin a buga sunan wata cibiya a riga, a je a same su, a karɓo yardarsu a rubuce, a tambaye su abin da suke buƙata. Sau da yawa masu tarawa su ke yanke wa kansu, su sayo buhunan shinkafa, alhali wurin jini yake nema, ko kuɗin tiyata, ko gyaran rijiyar burtsatse. Tara kuɗi don abu ɗaya mai suna da farashi, kamar tiyatar mata kaza ko maganin yara kaza na wata shida, ya fi jan hankalin masu bayarwa, ya kuma fi sauƙin bayani daga baya. Kada a ɗauki fuskar mara lafiya a watsa don a tausaya. Matar da ke fama da yoyon fitsari ta sha gori ya ishe ta, ba sai an ƙara mata da yawo a wayoyin mutane ba.

Gaskiyar kilomita ma tana cikin amanar. Idan wani ya yi alkawarin naira kaza a kan kowace kilomita, ku kuma kun hau mota daga wani gari zuwa wani saboda tsaro ko rashin lafiya, ku faɗa, ku cire wannan nisan daga lissafi. Babu mai hankalin da zai zarge ku don kun tsare ranku. Ɓoyewar ce ke zubar da mutunci ranar da wani ya ce ai ya gan ku a cikin mota.

Cikin mako biyu da isowa a miƙa kuɗin a gaban shaidu, a karɓi rasit, a fitar da takardar banki da lissafin jakunkunan biyu kowa ya gani, a daidai wurin da aka yi roƙon. Bayan wata uku a koma a ga abin da aka yi da kuɗin, a sake sanarwa.

Sauran ƙanana, a gurguje. Gidan sauro a jakar kowa, don zazzaɓin cizon sauro yakan bayyana ne bayan mako guda ko biyu, daidai ƙarshen tafiya ko bayan an dawo gida, kuma a yi gwaji kafin a sha magani. Takunkumi ko rawani a hanci ranar da ƙura ta yi yawa, da man leɓe. A riƙa canza wurin riƙon kan keke duk bayan 'yan mintuna, in ba haka ba ƙaramin yatsa da na kusa da shi za su mutu, wani lokaci har makonni. Ranar hutu ta farko a Kaduna ko Abuja, ta biyu a Akure, kuma ranar hutu ba ta yawon gari ba ce, ta wanki ce da barci da ɗaure notuna. Gudun tawaga gudun mai rauninta ne, a sa gogagge ɗaya a can baya da ba ya wuce kowa. A shirya yadda kekuna da mutane za su dawo Kano tun kafin a tashi, a ware kuɗinsa a jakar ɗawainiya, domin a nan ne da yawa ke miƙa hannu cikin kuɗin marayu bayan sun tsare shi har Legas.